Kwamfutar shagona tana ƙara tana ɗaukewa, mai gyara ya ce sai na sayi sabon bod

Wata 'yar uwa ce ta turo wannan saƙon daga Zariya, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon taifin da firintin kusa da wata makaranta, da kwamfuta ɗaya ta tebur tokumbo wadda na saya da kuɗin adashi shekara huɗu da suka wuce, da ita nake ci da kaina da yarana. Wata biyu kenan ta canza hali. Da safe sai na danna sau uku sau huɗu kafin ta tashi, in ta tashi ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe na ɗan lokaci sannan ta yi shiru, ga wani siririn fito tsiiii da ba ya tsayawa, kuma ina tsakiyar aiki sai ta ɗauke ta sake tashi da kanta. Mai gyara ya yi mata fomatin sau biyu bata daina ba, yanzu ya ce bod ɗin ne ya mutu sai na sayi wani. Ni kuma ina zargin yaron shagona ne ya sa mata bairos da gem ɗin da yake sakawa, har na riƙe masa kuɗin sati biyu. Furojet ɗin ɗalibai sun fi ashirin a cikinta. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'a albarka ya raya yaran.

Kafin mu taɓa maganar ƙara ko bod, wato babban allon cikin kwamfuta da komai yake jone a kai, ko komai, don Allah yau ɗin nan, ba gobe ba, duk lokacin da ta yarda ta tashi ki sa filash ki kwashe furojet ɗin ɗaliban nan gaba ɗaya, in da hali ki sake kwafa a wani filash ɗin na biyu ko ki tura su imel ɗinki. Kwamfutar da take ɗaukewa tana tsakiyar rubuta fayil tana iya lalata fayil ɗin, wata rana ma ta lalata abin da ke kan had disk ɗin gaba ɗaya, kuma kin fi ni sanin yadda fuskar ɗalibi take in an ce masa babi huɗun da ya kawo sun tafi ana saura kwana uku difens. Bod ana saye a kasuwa, wancan kuwa ba a saye.

Sai maganar yaron. Gaskiya ki mayar masa da kuɗinsa. Bari in gaya miki dalili don kar ki ce tausayi ne kawai. Bairos yawanci a cikin Windows yake zama, ba ya da ikon yin komai sai Windows ta tashi. Ke kuma kin ce matsalar tun daga danna maɓalli take farawa, tun sikirin bai nuna komai ba, lokacin da babu wata manhaja da ta farka balle ta yi ɓarna. Sannan an yi fomatin har sau biyu, an share komai da komai har da gem ɗin nasa, amma ciwon yana nan yadda yake. Toh kinga wannan kaɗai ya wanke shi. Iyakar abin da gem zai yi shi ne ya sa injin ya ɗan ƙara zafi kamar yadda CorelDraw ɗinki yake sa shi, in kina so ki hana shi saboda lokacin aiki ne wannan hakkinki ne, amma ba shi ya kashe miki kwamfuta ba, kuma kuɗin guminsa ne.

Yanzu ƙarar. Abin da mutane da yawa basu lura da shi ba shi ne ƙarar kwamfuta ba iri ɗaya ba ce, kowacce da inda take fitowa, kuma ke a saƙonki ƙara biyu daban kika kwatanta, mai yiwuwa ma basu haɗa dangi ba. Abubuwan da ke juyawa a cikin akwatin nan kaɗan ne, fankar furosesa wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, fankar fawa fak wato akwatin wutar nan da igiya take shiga ta baya, wani lokaci fankar jikin kesin, sai had disk wanda faifan cikinsa yake zagaye 5400 ko 7200 a minti ɗaya. Gurnanin safe da yake yin shiru bayan minti biyar ko goma, wannan kusan kullum fanka ce, man da ke cikin gindinta ya bushe ƙura ta shiga, in ta ɗan yi zafi sai ta saki jiki. Gane wacce ce ba wuya. A buɗe murfin gefe, a kunna, a naɗe takarda kamar bututu a kara a kunne a riƙa kai bakinta kusa da kowace fanka, za ki ji inda gurnanin ya fi ƙarfi. Ta furosesa ko ta kesin za a iya ɗora yatsa a tsakiyarta na daƙiƙa ɗaya, in ƙarar ta tsaya an kama ɓarawo. Ta cikin fawa fak kar a zura mata komai. Fanka ba ta da tsada, canza ta ake yi kawai.

Ƙarar da nake tsoro baki ambace ta ba, amma ki kasa kunne ko akwai ta, wato ƙas ƙas ƙas a jere kamar agogon bango, kwamfutar ta tsaya cak lokacin da ake yin ta. Wannan had disk ne yake neman karatu ya kasa, kuma in ya fara haka ba a yi masa magani, kwashe kaya ake a canza shi. Akwai wata 'yar manhaja kyauta CrystalDiskInfo da take nuna lafiyarsa, in ta nuna shuɗi lafiya lau, in ta nuna rawaya ko ja toh ki fara tanadin wani. Shi kuma bif bif ɗin da wasu suke yi daga an kunna ba lalacewa ba ce a karan kanta, bod ne yake magana, guda ɗaya gajere yawanci yana nufin komai daidai, in ya yi ta maimaitawa sikirin baƙi sau da yawa ram ne ya saki, wato siririn katin memori da ake sokawa a kan bod, a cire a goge a mayar.

Toh sai siririn fiton nan, shi ne ya sa na zauna na rubuta miki dogon bayani, domin shi da ƙin tashin safe da ɗaukewa da kanta, su ukun nan in suka haɗu a tsohuwar kwamfuta hankalina kan kafasita yake tafiya kai tsaye.

In kin buɗe murfin za ki ga wasu 'yan gwangwanaye a tsaye a kan bod ɗin, kamar ƙaramin batirin rimot da aka yanke biyu, sun fi yawa a kewayen furosesa da gefen ram. Su ne kafasitoci. Aikinsu kamar randa ne a gidan da famfo yake zuwa yana tsayawa, ruwa ya zo da ƙarfi ta tara, ya ja baya ta bayar, mai ɗiba ba ya ma sanin an yi wani abu. Furosesa ba ya son wuta mai rawa ko kaɗan, wutar da yake ci ba ta fi bolt ɗaya da 'yan kai ba amma yana zuƙarta da yawa kuma farat ɗaya, musamman lokacin da kika buɗe aiki mai nauyi. In randar ta tsage, daidai lokacin da ya zuƙa sai wutar ta faɗi, shikenan sai ki ga ta ɗauke ta sake tashi. Shi ya sa fomatin bai yi komai ba, ko sau goma za a yi.

A cikin kowace irin wannan kafasitar akwai siririn falle na alminiyam da takarda da aka jiƙa da wani ruwan sinadari aka naɗe. Ruwan nan ne ranta. Da zafi da shekaru yana bushewa a hankali, wani lokaci kuma ya riƙa fitar da iska a ciki har gwangwanin ya kumbura. Kuma wadda ta tsufa ta fi kasawa in tana da sanyi, in ta ɗan ɗumama sai ta ɗan farfaɗo, wannan shi ne sirrin danna sau huɗun da kike yi da safe, kowane dannawa yana ɗan ɗumama su har su kai inda za su iya ɗaukar nauyin. In kin lura za ki ga da sanyin hunturu abin ya fi tsanani, da rana kuma in kin kashe kin sake kunnawa nan take take tashi.

Ita kafasitar kanta ba ta cika yin ƙara ba, sai dai ranar da ta fashe a ji fas ko tsss sau ɗaya da wani wari kamar na kifi. Mai fiton shi ne koyil, wayar jan ƙarfen nan da aka naɗe a zobe ko aka rufe cikin ɗan baƙin akwati kusa da kafasitocin. In wutar da ke ratsa shi ta daina zama lafiya sai ya riƙa karkarwa da sauri har kunne ya ji kamar kukan sauro. Amma in faɗa miki gaskiya akwai kwamfutoci masu lafiya garau da suke wannan fiton tun suna sababbi, don haka fito shi kaɗai ba hujja ba ne. Abin da ya sa naki ya dame ni shi ne a da can babu shi, ya zo tare da sauran alamomin.

Ga yadda za ki duba da idonki, ba sai kin jira kowa ba. Ki kashe, ki zare igiyar wuta daga bango, ki danna maɓallin kunnawa ki riƙe kamar daƙiƙa goma don sauran wutar ta fita, ki taɓa ƙarfen kesin da hannunki kafin ki taɓa komai a ciki, musamman lokacin hunturu da jiki yake tara wutar nan da take tartsatsi in mutum ya kama ƙofar mota. Ki haska da tocilan ɗin waya daga gefe, ba daga sama ba. Kan kafasita mai lafiya a shafe yake sumul, da 'yar tsaga mai kama da X ko K ko Y da kamfani ya yi da gangan don in iska ta taru ta fita ta nan. In kin ga kan ya yi tudu ko yaya yake, irin yadda gwangwanin tumatir yake kumbura in ya lalace, ta mutu. In kin ga wani abu ruwan ƙasa ya bushe a kanta kamar ƙanzo ko tsatsa, ta mutu. In ta karkace kamar an ture ta, ki duba ƙasanta, robar gindin ce ta turo waje. Kwanakin baya an kawo min wata irin taki daga wani shago, mai ita ya riga ya haƙura ya fara neman bashin sabuwa, ina ɗaga murfin na ga guda biyar a jere gefen furosesa duk sun yi tozo, biyu sun yi amai har ya gangaro kan bod ya bushe, ga ƙura ta toshe ƙarfen sanyaya furosesan ta zama kamar bargo sai da na sa tsinke na ɗago ta a dunƙule. Guda takwas na canza har da ukun da basu nuna komai ba, yau tana can tana aiki.

Wani lokacin kuma za ki duba ki ga duk kansu a shafe, wannan bai wanke su ba, akwai masu bushewa shiru ba kumburi, su sai da wata mita ta musamman da ake ce wa mitar ESR, masu gyaran talabijin da yawa suna da ita. Sannan kar a manta fawa fak shi ma cike yake da irin waɗannan kafasitocin kuma duk alamomin da kika lissafa zai iya kawo su shi kaɗai bod yana lafiya. Anan ne nake ganin mai gyaranki ya yi gaggawa. Ban ce mugunta ya yi ba, da yawa abin da suka koya kenan, fomatin in bai yi ba a canza bod. Amma kafin a ce ki fitar da kuɗin bod, gwaji mafi arha shi ne a aro fawa fak mai lafiya a jona a bar ta ta yi aiki kwana ɗaya ta kwana ta huce a kunna da safe. In ta tashi bugu ɗaya toh kin huta. In kuwa aka sa sabon bod a kan fawa fak mara lafiya, sabon ma zai bi sahun tsohon, kuɗi ya tafi sau biyu. Da mita ma ana iya dubawa, wayar rawaya bolt 12 ce, ja 5, ruwan lemo 3.3, kuma bai kamata su kauce da fiye da kashi 5 cikin ɗari ba.

Amma don girman Allah kar ke ko yaron ku kwance fawa fak ɗin nan. Babbar kafasitar cikinsa tana riƙe wuta sama da bolt 300 kuma tana iya riƙewa bayan an zare igiya, ba abin wasa ba ne, wannan aikin wanda ya saba ne. Kuma tunda tokumbo ce ki leƙa bayansa, wasu tsofaffin suna da ɗan jan maɓalli mai 115 da 230, namu nan 230 ne, in hannu ya kai shi 115 aka jona sai dai a ji fashewa da hayaƙi. In akwai shi ki manna masa salatif.

Wannan ciwon na kafasita ba a kanki aka fara ba, har suna gare shi a wajen masu sana'ar, annobar kafasita suke ce masa. Daga wajen 1999 zuwa 2007 an cika duniya da kafasitoci masu gurɓataccen ruwa, mafi yawa daga wasu kamfanonin Taiwan, rahotannin da aka buga a 2002 da 2003 sun ce haɗin sinadarin sato shi aka yi daga wani kamfanin Japan kuma ba a sato shi cikakke ba, aka bar abin da yake hana shi fitar da iska, sai ga kwamfutoci suna kumbura cikin shekara ɗaya biyu. Dell ma ya sha tasa wahalar, takardun kotu a Amurka sun nuna kwamfutocin OptiPlex miliyan 11.8 da ya fitar tsakanin Mayun 2003 da Yulin 2005 suna cikin haɗarin lalacewar kafasita, kuma a 2005 ya ware dala miliyan 300 saboda gyara. Taki wataƙila bata kai wancan zamanin ba, amma ko kafasita mai kyau tana da wa'adi. Da yawa an yi su ne su yi awa 2000 a zafin digiri 105, kuma ƙa'idar da injiniyoyi suke bi ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka kwananta. Yi lissafi ki gani, a digiri 65 awa 32,000 kenan, in kina aiki awa goma kullum kusan shekara tara. In zafin wajen ya hau 75 ya koma rabi. Toh ki tuna ta riga ta yi shekarunta a wani ofis a Turai ko Amurka cikin sanyin AC kafin a loda ta a kwantena, sannan ta zo ta yi huɗu a shagonki cikin zafin Afrilu da ƙurar hunturu da wutar janareta mai hawa da sauka. Ta yi ƙoƙari wallahi.

In an tabbatar kafasitocin bod ne, shawarata a canza su, kar a yar da bod ɗin, muddin babu wajen da ya ƙone ya yi baƙi ko wani ƙaramin abu da ya fashe kusa da su. Sai dai ki zaɓi hannu. Bod ɗin kwamfuta hawa hawa ne a ciki yana shanye zafi, kuma waɗanda aka yi daga 2006 zuwa sama yawanci dalmarsu ba ta narkewa sai wajen digiri 217, ta da kuwa 183 ce, ƙaramin ƙarfen dalma ba ya iya mata, mai gaggawa sai ya fizgo ƙafar da ƙarfi ya tsinke hanyar ciki, daga nan bod ya mutu da gaske. Sau da yawa tsohon mai gyaran talabijin ko mai gyaran bod ɗin laftof ya fi mai saka Windows iya wannan aikin. Ki ce masa ya ɗauki hoto kafin ya cire komai, saboda kowace tana da ƙafar da take fuskanta, zanen da ke gefenta shi ne nagetif, in aka juya ta fashewa take yi. Lambobin jikinta su zama iri ɗaya, misali in 1500µF 6.3V ce a sa 1500µF, bolt ɗin zai iya fin haka amma kar ya gaza, ta zama mai 105 ba mai 85 ta rediyo ba, kuma irin ta bod da ake kira lo ESR. In an samu Panasonic ko Rubycon ko Nichicon ko Chemi-Con na gaske madalla, a dai kula da jabu. Kuma duk 'yan layi ɗaya masu lamba ɗaya a canza su tare, har waɗanda basu kumbura ba, tare suka sha zafin. Kar ki yarda a ciro miki daga wani mataccen bod a dasa.

In kuma ya zama dole sai wani bod ɗin, ki je da tocilan ɗinki ki duba nasa kafasitocin kafin ki biya, ki nemi a baki kwanakin gwaji. In kin ga masu gajerun gwangwanaye masu sheƙi marasa tsaga a ka, da ɗan fenti ja ko shuɗi a gefe ɗaya, waɗannan babu ruwa a cikinsu, sun fi jure zafi nesa ba kusa ba.

Bayan an gyara ki ɗaga ta daga ƙasa, ki ba bayanta tazara da bango, duk wata biyu ko uku a hure ƙurar da bulowa ana riƙe da fankokin kar su yi ta juyawa, in janareta za a tayar a bari ya daidaita kafin a jona ta, in Allah ya hore ki sa mata UPS ko sitabilaiza. Shi yaron nan ma za ki iya koya masa hure ƙurar ya zama aikinsa na ranar Asabar.

Ki fara da filash ɗin yau, gobe da safe kafin ki kunna ki buɗe murfin ki haska. In kin ga abin da baki gane ba ki ɗauki hoton gefen furosesa daga kusa, da na takardar da ke manne jikin fawa fak ɗin, ki turo min mu duba tare kafin ki ba kowa ko sisi. Allah ya rufa asiri.